Giyar da ke ƙin shiga da asubar hunturu: tarihin ɗan "ƙas" ɗin nan

 Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, da yawa daga cikinmu da ke karatu a nan Kudu mun koma hawa keke tsakanin hostal da ajin lakca. Ina nufin keken hawa mai feda fa, don a nan in ka ce keke, a-daidaita-sahu za a tare maka. Mafi yawan abin da muka saya 'yan Kwatano ne masu giya, kuma duk shekara da zarar hunturu ya sauko a Disamba sai ƙorafi iri ɗaya ya cika zaurukanmu na WhatsApp. Ka fito da asuba, ka danna hannun giya, ya tafi sululu ba tare da ya ce ƙas ba, kaca kuma tana nan inda take. Rana na ɗagawa sai ya dawo aiki kamar ba shi ba. Waɗanda suka je gida hutu da kekunansu, musamman mutanen Jos da Zariya, sun fi kowa sanin wannan. Ka kai wa mai gyara, ya ce giya ta mutu, ko dai ka sayi sabon hannu ko a yanke kaca a mayar da keken giya ɗaya.

A mafi yawan lokuta ba ta mutu ba. Amma kafin in faɗi maganin, bari mu bi ta tarihi, domin sanyi ya daɗe yana rigima da giyar keke, kusan shekara ɗari ke nan.

A shekarun 1920, masu tseren keke a Turai giya biyu kacal suke da ita. Akwai faifan haƙora guda a kowane gefe na ƙafar baya, ƙarami na shimfiɗaɗɗiyar hanya, babba na hawan tudu. In ka iso gindin dutse sai ka sauka, ka kwance notuna masu kunne, ka zare ƙafar, ka juya ta, ka mayar, ka ɗaure, sannan ka hau ka bi waɗanda suka wuce ka. Labarin da kamfanin Campagnolo ya daɗe yana bayarwa shi ne, ranar 11 ga Nuwamban 1927 wani matashi ɗan tsere mai suna Tullio Campagnolo yana hawan mashigar dutsen Croce d'Aune a arewacin Italiya, dusar ƙanƙara na zuba, ya sauka zai juya ƙafa, sai yatsunsa suka ƙage don sanyi, ya kasa kwance notin. Tseren ya kuɓuce masa. Mahaifinsa na da shagon kayan ƙarfe a garin Vicenza, nan ya koma ya duƙufa, daga baya ya fito da ɗan hannun nan da ake ɗagawa ƙafar keke ta fita ba sifana. Ku duba ƙafar gaban kekenku, da yawanku kuna da shi. A 1933 ya kafa kamfaninsa. Kun ga tun farko sanyi ne ya tilasta wa mutane neman hanyar da za a sauya giya ba tare da wahalar da yatsu ba.

Hanyar ta rabu biyu, kuma rabuwar ta shafe mu kai tsaye.

Ingilawa sun zaɓi su ɓoye komai. A 1902 aka fara yin Sturmey-Archer a Nottingham, da ɗaurin gindin Frank Bowden mai kamfanin Raleigh. Giya uku ce a rufe ruf cikin cibiyar ƙafar baya, ruwa bai taɓa ta, ƙura ba ta shiga, akwai ɗan murfi a jiki da za ka buɗe ka ɗiga mai jefi-jefi. Samfurinsu na AW da ya fito a 1936 an yi shekaru da dama ana ƙera shi kusan ba canji. Faransawa kuwa suka bar komai a fili. Wani mutumin Saint-Étienne, Paul de Vivie, wanda ke rubutu da sunan Vélocio, garinsu tuddai ne ko ta ina, shi ya dage a farkon ƙarni na 20 kan dabarar jera fayafai da yawa a gefe ɗaya, a sa wata ƙugiya ta riƙa ture kaca daga wannan faifai zuwa wancan ana cikin tafiya. Wannan ƙugiyar ita ce direla, abin nan da ke reto a ƙafar bayan kekenka da 'yan ƙananan gargare guda biyu. Sunan daga Faransanci yake, ma'anarsa mai sauke abu daga kan layinsa, kamar yadda jirgin ƙasa ke goce wa dogo.

Manyan tsere ba su karɓe ta da wuri ba. Henri Desgrange, wanda ya kafa gasar Tour de France a 1903, yana ganin giya kayan dattawa ce da ragwaye, namiji da ƙarfin cinyarsa ya kamata ya hau dutse. Ya hana manyan 'yan tserensa amfani da ita shekara da shekaru. Sai a 1937, bayan rashin lafiya ta sa ya miƙa ragamar gasar ga Jacques Goddet, aka buɗe ƙofa, Roger Lapébie ya ci gasar a shekarar da direla a kekensa. Ni dai duk lokacin da na ji wani dattijo a gida yana cewa keke mai giya na yaran zamani ne marasa ƙashi, sai in tuna Desgrange. Ra'ayin tsoho ne ƙwarai, kuma ba a Kano aka fara shi ba.

Akwai abu na uku da ya haɗa hanyoyin biyu, wanda ba a cika kula shi ba: wayar da ke tafiya cikin kube. Ernest Monnington Bowden, ɗan Ailan, shi ya yi rajistarta a 1896. Sunansu ɗaya da mai Raleigh, shi ya sa ake yawan rikita su. Dabarar ita ce siririyar wayar ƙarfe tana zamewa cikin bututu mai lanƙwasuwa, ka ja a nan, abu ya motsa a can ko da hanyar ta yi kwana. Duk keke mai giya da ke harabar nan da ita yake aiki.

To a nan ne za ku gane dalilin da ya sa iyayenmu ba su san wannan ciwon ba. Raleigh ɗin da aka riƙa haɗawa a Kano, da Phoenix na Sin da ya biyo baya, akasarinsu giya ɗaya ce. Birkinsu na sandar ƙarfe ne, babu waya babu kube, kaca kuma sau da yawa tana cikin gidanta na kwano. Malamin firamare zai hau shi daga ƙauye zuwa ƙauye shekara ashirin, ɗan kasuwa ya ɗora masa buhu biyu, hunturu ya zo ya wuce, abin da yake nema kawai faci da iska da ɗan mai a kaca. Babu wani ƙaramin abu a jikinsa da sanyi zai kama. Masu gyaran kekenmu ma a kan wannan suka koyi sana'a, daga uba zuwa ɗa, shi ya sa in ka kai musu hannun giyar zamani sukan dube shi kamar an kai wa maƙeri agogo. Ba laifinsu ba ne, abin da suka gada ke nan.

Mu koma Turai. Daga shekarun 1950, bayan Campagnolo ya fito da direlarsa Gran Sport, har zuwa farkon 1980, hannun giya ɗan sanda ne kawai a jikin firam, an matse shi da noti tsakanin wasu 'yan fayafai. Ba ya cewa ƙas, ba shi da lamba. Ka ja shi a hankali har ka ji kaca ta hau, ka ɗan gyara shi da kunne har ƙarar gogayya ta ɗauke. Gwaninta ce kamar ta mai kaɗa kukuma, hannu da kunne ke aiki tare. Sabon shiga yana shan wuya, yana ta kurɗa-kurɗa a kan tudu. Amma ku lura da abu guda: a cikin wannan hannun babu abin da zai daskare. In waya ta yi nauyi, ka ƙara ja kaɗan, shi ke nan.

Japanawa ne suka sauya lissafin. A 1964 wani injiniyan SunTour, Nobuo Ozaki, ya karkata jikin direla yadda za ta riƙa bin gangaren fayafai, tazarar da ke tsakaninta da kowane faifai ta zama kusan ɗaya. Wannan ya sa sauyin giya ya zama daidai fiye da na duk wani kamfanin Turai, kuma rajistar mallaka ta kare musu shi shekara ashirin. Shimano, wanda Shozaburo Shimano ya kafa a 1921 a garin Sakai kusa da Osaka yana ƙera firwil, ya jira. A shekarun 1970 sun gwada giya mai lamba da suka kira Positron a kan kekuna masu araha, ba ta samu karɓuwa ba. Da wa'adin rajistar SunTour ya cika a 1984, sai suka ɗauki dabarar karkatarwar nan suka haɗa da tasu, suka fito da SIS a kan kayansu mafi tsada, Dura-Ace. Danna ɗaya, ƙas ɗaya, giya ɗaya. Gaskiya ƙas ɗin ba sabo ba ne, hannun Sturmey-Archer ya daɗe yana yi da giyarsa uku, amma sa shi ya yi aiki a kan direla mai fayafai shida a fili shi ne abin da ya gagari kowa. Cikin 'yan shekaru kasuwa ta juya. SRAM na Chicago suka zo da na murɗawa a 1988, Shimano ya kawo masu dannawa da babban yatsa a ƙarƙashin kan keke wajen 1990, da wanda aka haɗe da hannun birki na kekunan tsere a 1990, Campagnolo ya bi sahu a 1992. SunTour da ya fara kawo dabarar, shi aka bari a baya har ya durƙushe. Wani ya yi noma, wani ya ci tuwo.

Abin da ya faru a nan shi ne an cire gwanintar daga hannun mahayi an zuba ta cikin ɗan akwatin roba da bai kai ƙwai girma ba. In ka buɗe shi za ka ga faifai mai haƙora, da wasu 'yan harsunan ƙarfe guda biyu ko uku da ba su fi ƙwayar shinkafa da yawa ba, kowanne da sifirin siriri kamar gashi yana tura shi ya faɗa cikin haƙori. Faɗawar nan ita ce ƙas ɗin da kake ji. Kowane ƙas yana jan waya ƙasa da milimita 3, domin tazarar fayafai a keke mai giya bakwai milimita 5 ce kacal, a mai tara ma ba ta kai haka ba. Aiki ne na awo, ba ya son ko kaɗan na cikas.

Kamfani kuma ya shafe wannan duka da girisi tun a masana'anta. Girisi ba komai ba ne illa mai da aka dama da wani irin sabulu don ya tsaya wuri ɗaya. Da shekaru suka ja, man yana tsiyayewa ya bushe, sabulun ya rage, ya koma kamar kakide. Yanzu ku lissafa. Kekunan da muke saya 'yan Kwatano, da yawansu na shekarun 1990 ne ko farkon 2000. Wani Bature ya hau na ɗan lokaci, ya jingine a gareji shekara goma sha, aka tattaro aka loda a kwantena. Girisin da ke cikin hannun giyarka yana iya girmar wasu 'yan aji ɗaya. Da rana, zafinmu yana narkar da shi, sifirin ya samu ya ture harshen. Da asubar hunturu kuwa sai ya yi barci, kamar manja a kwalba, ko man shanu a ƙwarya. Sifirin mai kaurin gashi ba zai iya da shi ba, harshe ya maƙale a sama, ka danna hannu ya wuce ta kan haƙora bai kama komai ba. A Jos, inda dare kan sauka ƙasa da digiri 10, abin ya fi tsanani, amma tsohon girisi ba ya buƙatar sanyin Turai kafin ya cije.

Su can matsalarsu ta biyu ruwa ce, yana shiga kube ya zama ƙanƙara ya riƙe waya. Mu tamu ƙura ce. Hazon hunturu gari ne mai laushi, yana shiga ko'ina, ya haɗu da mai ya zama kwaɓi. A nan Kudu kuma damina mai tsawo ta riga ta sa wa wayar tsatsa kafin ƙurar ta iso.

Saboda haka kafin ka taɓa komai, ka bambance ciwon. In hannu yana tafiya fayau babu ƙas, kuma ka jingine keken a rana na rabin awa ya dawo daidai, girisi ne, ba tantama. In kuwa ƙas yana nan amma kaca na jinkiri, musamman wajen saukowa zuwa ƙaramin faifai, to waya ce. Dalili shi ne wajen hawa babban faifai yatsanka ne ke ja da ƙarfi, wajen saukowa kuwa sifirin ɗin direla kaɗai ke janyo wayar, ƙaramin datti ya isa ya hana shi.

Wankin hannun ba wuya. Yawancinsu suna da murfi da sukuru ɗaya ko biyu, ko wata 'yar toshiya ta roba inda kan waya ke shiga. Ka buɗe murfin kawai. Kada ka kwance notin tsakiya, in sifirin ɗin nan ya yi tsalle cikin ciyawa sai dai ka yi haƙuri. Ka sa tsumma a ƙasa ka rufe birki da gefen taya, sannan ka fesa WD-40 a kan harsunan. Shi ma da tarihinsa: a 1953 wani ƙaramin kamfani a San Diego ya haɗa shi don kare jikin makamin roka na Atlas daga tsatsa, sunan yana nufin korar ruwa, haɗi na arba'in. Aikinsa narkarwa da wankewa, kada ka ɗauke shi man shafawa na dindindin. In babu kuɗinsa, kananzir a sirinji yana yi, a ɗiga kaɗan-kaɗan. Fetur kam a'a, yana cin roba. Kana fesawa kana danna hannun gaba da baya, sau talatin, sau hamsin. Za ka ga wani ruwa ruwan ƙasa yana tsiyaya. In harshen ya ƙi, ka taɓa shi da tsinken sakace ko bakin allura har ka ga yana komawa da kansa, tsohon buroshin haƙori ya kwashe sauran. Wani lokaci sai an bar shi ya kwana a jiƙe a maimaita da safe. Ƙas na farko da zai dawo, wallahi daɗinsa daban ne.

Daga nan ka bar shi ya tsane, ka sa mai marar kauri, ɗigo biyu ko uku a kan harsunan da inda suke juyawa. Man keken ɗinki ya wadatar, kowane tela a Sabo yana da shi. Abin da na fi roƙonku shi ne ku hana a zuba muku baƙin mai. Na san shi ne a gwangwanin kowane mai gyara, kuma kyauta ne, amma ya riga ya cika da dattin inji, ga kama ƙura, wata biyu ka dawo inda ka fito. Girisin mota mai kauri shi ma mayar da hannun agogo baya ne, shi ne fa ciwon da muke cirewa.

Ita waya akwai dabarar duba ta ba tare da kwance noti ba. Ka hau da kaca babban faifai na baya, ka tsayar da feda, sannan ka danna hannun kamar za ka sauko har ƙarshe. Waya za ta saki, ka zare kube daga 'yan tsagogin da ke jikin firam, ka zame shi gefe, ka goge wayar da tsumma, ka shafa mai sama-sama, ka mayar. Guntun kuben da ya yi kwana kusa da direla shi ya fi tara datti. In ka ga tsatsa ko silin waya ya fara warwarewa, canja ta, ba ta da tsada. Sai dai ka tsaya a kan mai gyara ya sa kuben giya. Tun zuwan SIS aka raba su: kuben birki ƙarfensa a nannaɗe yake kamar sifirin, yana ɗan matsewa in an ja, na giya kuwa silin ƙarfensa a miƙe suke bisa tsawo don kada ya rage ko rabin milimita. A sa maka na birki a giya, lambobin ba za su taɓa zama daidai ba. A sa na giya a birki kuwa ya fi muni, yana iya fashewa lokacin da ka matse da ƙarfi a gangara.

Akwai hannun da ya mutu da gaske, haƙori ya karye ko sifirin ya tsinke. Ko a nan ban ga dalilin yanke kaca ba. Har yau ana ƙera ɗan hannun babban yatsa irin na da, marar ƙas, yana cikin mafi araha a kasuwar kayan keke, kuma yana aiki da kusan kowace direla, ko fayafanka shida ne ko takwas. Wasu tsofaffin hannayen Shimano na ƙarshen shekarun 1980 ma suna da ɗan maɓalli a gefe da ke kashe ƙas ɗin ya mayar da su salon da, domin su kansu injiniyoyin a lokacin sun bar wa mahayi mafita in awo ya rikice a daji. In ka ci karo da irinsa a tarin 'yan Kwatano, kada ka bari ya wuce ka. Kwana uku kunnenka zai koyi aikin.

Su kuwa masu kuɗi sun wuce wurin. Tun 2009 Shimano ke sayar da Di2, giya mai batir da ɗan inji a jikin direla, ba wayar ja ba kube ba harshe. Kuɗinta kaɗai ya fi na kekunan layin hostal ɗinmu in an haɗa, kuma ita ma sai an yi mata caji, da wutar da kuka san halinta.